A Sāke Gina Kango Ko A Bar Shi Shaida?

Yawancinmu fatauci ne ya kawo mu Mubi daga Kano, Katsina da Maraɗi, kuma kaɗan ne cikinmu suka taɓa hawa dutsen Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, duk da ba shi da nisa. Can fadar Hidi take, sarkin Sukur, ginin dutse bisa dutse ba siminti. A 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, na farko a Najeriya. A ƙarshen 2014, shekarar da mu ma muka bar Mubi a guje, 'yan Boko Haram suka hau suka cinna wa gidaje da fadar wuta.

To, abin da aka ƙona da gangan, a mayar da shi kamar ba a taɓa ba, ko a bar baƙin hayaƙin ya yi magana?

Mutanen Sin sun daɗe suna wannan gardama. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe lambun sarakunansu, Yuanmingyuan, a Beijing, na Ingila suka ƙone shi. Har yau ginshiƙansa na kwance a karye, ana kai 'yan makaranta su gani. Masu son ganin kyansa na dā sai kwaikwayonsa aka gina musu can nesa, a Hengdian.

A ganinmu sun yi daidai, amma fa sarautar da ta mallaki lambun ta ƙare tun 1912, ba mai kwana a ciki. Sukur kuwa Hidi na nan, jama'a na noma gangaren dutsen, kuma dama can rufin ciyawa sabunta shi ake yi. Wanda ya ce a bar musu toka don tarihi, ya fifita mai yawon buɗe ido kan mai gida.

Inda muke da ja shi ne gyaran da ke shafe komai. Dubi nan Mubi: da muka dawo, kowa ya yi ta yaɓe da fenti, ba laifi, ciniki ba ya jira. Amma yaran da aka haifa bayan gudun nan sun isa aike kasuwa yanzu, kuma da wuya ka sami bangon da za ka tsaya da yaro gabansa ka ce masa ga inda wuta ta ci. Da kusurwa ɗaya muka bari ba fenti, da ta ishe mu.