Buta Biyu: Wa Ke Biyan Kuɗin Ruwan Zafinka?

Duk wanda zai kafa gida, ko amaryar da ake haɗa wa kayan kicin ko gwauron da ya kama ɗaki, sai ya gamu da wannan 'yar tambaya: butar lantarki za a saya, ko ta ƙarfe da ake ɗorawa a kan wuta? Yawanci amsar ba ta cin minti ɗaya. In unguwarku ana samun wuta, ka ɗauki ta lantarki. In ba a samu, ka ɗauki ta ƙarfe ka ɗora a gas ko kurfoti. Mai hali ya haɗa biyun. Ni dai ina ganin tambayar ta fi haka nauyi, domin akwai wata a ƙarƙashinta da ba mu cika son ji ba: idan ruwanka ya tafasa, wa ya biya, kuma da me ya biya?

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma sana'ar ta saba min da auna abu kafin a fara gardama a kansa. To mu auna. Tafasa ruwa lita ɗaya a butar lantarki yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai farashin 'yan rukunin Band A naira 225 a kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Ke nan lita ɗaya ba ta wuce naira ashirin da 'yan kai ba. A kan gas kuwa, kusan rabin zafin yana bi ta gefen butar ya tafi iska, don haka litar tana cin kimanin giram 15. Idan ka sayi kilo a naira 1,400, ka kashe naira 21. Kusan kunnen doki. Wanda ya ce maka ya zaɓi ɗaya don tsimin kuɗi kawai, bai zauna ya yi lissafin ba. Aljihu ba zai raba wannan gardama ba.

Akwai wata hujja da nake yawan ji daga 'yan boko irina, kuma tana da daɗin saurare. Wai butar lantarki ta kashe mana haƙuri. Wai shayin da aka dafa a kan gawayi ya fi ɗanɗano, kuma jiran tafasar ruwa wata tarbiyya ce da latsa maɓalli ya ƙwace mana. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Wanda ya taɓa zama a majalisar shayi a Agadas ko Damagaram, ko wajen Buzayen da ke gadi a unguwanninmu, ya san cewa a can jinkirin shi ne abin da ake nema. 'Yar butar tana kan garwashi, ana juye shayin daga sama don ya yi kumfa, ana zagaye uku, hira tana tafiya. In ka kawo wa wannan majalisa butar lantarki ka ɓata ta, domin ba ƙishirwa ce ta tara su ba.

Amma shayin majalisa ba shi ne yawancin ruwan da ake dafawa a gidajenmu ba. Yawancinsa ruwan wankan yara ne da asubar hunturu, ruwan kunun sahur, ruwan haɗa wa jariri madara da tsakar dare, ruwan wankan jego na kwana arba'in. Kuma mai yabon haƙurin gawayi, galibi ba shi ne ke riƙe da mafici ba. Matarsa ce, ko ƙanwarsa, ko 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ke tashi kafin kowa ta hura wuta hayaƙi na cika mata ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ga kuma daji: a yadda ake ƙona gawayi a gargajiyance, kilo ɗaya yana lashe itace ninkinsa biyar ko fiye. Haƙurin da wani ne ke yi maka shi, ba naka ba ne da za ka yi tinƙaho da shi.

Ta wannan fuska butar lantarki alheri ce, kuma alherinta yana cikin wani ɗan ƙarfe da ba a ko ganinsa. A 1955 kamfanin Russell Hobbs na Ingila ya fito da butar da ke kashe kanta. Dabarar ita ce an manne ƙarfe iri biyu da zafi ba ya miƙar da su daidai, idan tururi ya buge su sai su lanƙwashe su ture maɓallin. Wannan ɗan ƙarfe ya ɗauke wa mutum aikin gadi. Babu mai tsayawa, babu butar da za ta ƙone don an manta da ita. Duk manhajar kirki da na sani abin da take yi ke nan: ta karɓi aikin da bai cancanci hankalin ɗan Adam ba, ta mayar masa da lokacinsa.

Da maganar ta tsaya a nan, da na ce kowa ya je ya sayi ta lantarki. Sai dai ita ma tana da wanda take aika wa da takardar bashi, kuma ta fi gawayi iya ɓoye shi.

Juya gindinta ka karanta. Za ka ga an rubuta wat 1,500, ko 2,000, ko ma fiye. Ƙwan fitila na zamani wat 10 yake ci. Wato a mintunan da butarka ke aiki, tana jan abin da ƙwai ɗari biyu za su ja. Shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa idan an jona ta, kuma mai sola ke haramta ta a gidansa. Abin da take ci gaba ɗaya kaɗan ne, amma a lokaci guda take hadiye shi.

Turawan Ingila sun san wannan tun da daɗewa. Ranar 4 ga Yulin 1990, da aka tashi daga wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma, wanda ya kai ga bugun fanareti, jama'a suka miƙe daga gaban talabijin a tare, da yawansu suka nufi kicin don haɗa shayi. Buƙatar wuta ta yi tsallen megawat 2,800. Don irin wannan yanayi suke da tashoshi kamar Dinorwig a yankin Wales, inda ake tura ruwa kan tsauni lokacin da wuta ta yi yawa, a sako shi cikin daƙiƙoƙi idan aka matsa. Yanzu ka kwatanta. Abin da Najeriya ke rarraba wa mutum sama da miliyan 200 a rana ta yau da kullum bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Shayin dare ɗaya na Ingila ya fi rabin wutar ƙasarmu.

Mu ma muna da namu tashin ƙwallon, sai dai ba talabijin ke kaɗa mana ƙararrawa ba, ihun yara ne na an kawo wuta. Bayan kwana biyu cikin duhu, a minti ɗaya kowane gida ya jona dutsen guga, hita, firij, injin jan ruwa da buta. Taransifomar da aka kafa don gida hamsin, wadda yanzu ke ɗauke da ɗari biyu, sai ta fara kuka. Wuta ta yi ƙasa, fis ya tashi, wani lokacin ta ƙone ƙurmus. Sai a zagayo da takarda, kowane gida ya kawo kaza don gyara. Tsohuwar da ba ta da komai sai ƙwai biyu da cajar waya, ita ma kaza ɗin za ta bayar.

A gidan haya mai mita ɗaya abin ya fi fitowa fili. Mai cika buta ta lita ɗaya da rabi sau biyar a rana zai ci sama da yunit 20 a wata. Ƙwai biyun tsohuwar nan, in suna ci awa shida kullum, ba su kai yunit 4 ba. Idan ana raba kuɗin wuta daidai wa daida a kan ɗakuna, to wani ɓangare na shayinsa ita ke saya masa, ba tare da an tambaye ta ba, kuma ba tare da ta kurɓa ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin amsa ce mai ƙarfi. Butata guda ba ita ta ƙona taransifoma ba. In na haƙura, wasu ɗari ba za su haƙura ba, a ƙarshe in rasa shayin kuma duhun ya same ni tare da su. Ban da haka, laifin na waɗanda suka kasa samar da isasshiyar wuta ne, me ya sa za a ɗora wa mai neman ruwan zafi? Kashi na biyu na amsar na yarda da shi ɗari bisa ɗari: Baturen da ya haɗa shayi a 1990 bai zalunci kowa ba, domin an gina masa tsarin da zai ɗauki nauyin. Amma rashin adalcin na sama bai goge abin da ke tsakanina da maƙwabcina ba. Idan rijiyar unguwa ta ja baya saboda fari, ba ni na hana ruwan sama ba, duk da haka akwai bambanci tsakanin mai ɗiban tulu ɗaya da mai zuwa da tanki.

Kashi na farkon ne ya fi wuya, kuma tsohuwar matsala ce. A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi bayaninta da misalin makiyaya: kowane makiyayi yana da riba in ya ƙara saniya ɗaya, asarar kuma ta rabu a kan kowa, har ciyawa ta ƙare. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta bi masunta da manoman rani da makiyaya na ƙasashe daban-daban, ta nuna cewa ba dole ne a ƙare haka ba. Inda mutane suka san juna, suka kafa ƙa'ida da kansu, kuma ana iya ganin wanda ya karya ta, abin tarayya yakan daɗe. A wajen aikinmu haka muke yi. Idan manhajoji da yawa suna zaune a kan na'ura ɗaya, ba ma dogara da kunyar kowacce. Muna auna abin da kowacce ke ci, mu yanka mata iyaka.

Don haka ba na ganin maganin a jefar da butar lantarki. A gidan haya, maganin ƙaramar mita ce ga kowane ɗaki, ko aƙalla mai buta da hita ya faɗa da bakinsa cewa kasonsa ya fi na sauran, tun kafin rigima ta faɗa masa. A cikin gida, filas: a tafasa sau ɗaya a zuba, maimakon a cika buta maƙil don kofi ɗaya, a bar sauran ya huce, a sake tafasawa. Wannan ɓarnar ta fi kowace yawa, kuma sauƙin maɓalli ne ya haife ta, domin mai hura gawayi ba ya dafa ruwan da ba ya buƙata.

Na taransifomar ne ba shi da mita. Babu mai ganin abin da ka jona a bayan ƙofarka lokacin da yara ke ihu. Abin da mutum zai iya shi ne ya bar minti talatin na farko su wuce, firij da injin ruwa su gama fizgarsu, sannan ya latsa. Ba wanda zai gode masa, kuma wata rana za a ɗauke wutar a minti na ashirin, alhali ruwan maƙwabcinsa ya riga ya shiga filas. A ranar nan ce butar ƙarfe ke da aiki. Mutanen Arewa sun tuna da ita a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka kwashe sama da mako cikin duhu. Mutanen Nijar sun riga mu tunawa, tun Agustan 2023 da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki. Wanda ke da ita a kan kanta da ɗan gas a tukunya, jiran minti talatin ba zai hana shi karin kumallo ba. Sai dai ya tashi da kansa ya nemi ashana, ba ya ƙwala wa yarinyar nan kira ba.