Kuskure Ɗaya Da Shekara Talatin

'Yan'uwana ɗalibai, ga tambayar da nake so mu tauna: da me ake auna mai hukunci, da ranar da ya kauce ko kuwa da dukan rayuwarsa? Misalina daga Amurka zan ɗauko shi, daga besbol, watau wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da kulki ya sheƙa zuwa masauki.

Jim Joyce ya yi alƙalancin wannan wasa a babban rukuni daga 1987 zuwa 2016. Ran 2 ga Yunin 2010, a birnin Detroit, wani mai jifa ɗan Benezuwela, Armando Galarraga, ya fitar da abokan hamayya 26 a jere, ba wanda ya taka masaukin farko. Saura ɗaya ya cika 27, bajintar da sau 20 kacal aka taɓa yi kafin ranar. Na ƙarshen ya buga, ya ruga, ƙwallo ta riga shi isa, amma Joyce ya ce ya tsira. Da ya ga hoton bayan an tashi, sai ya nemi Galarraga, ya ba shi haƙuri, ya kuma shaida wa duniya cewa shi ya tauye wa yaron haƙƙinsa. Shugaban wasan, Bud Selig, bai sauya hukuncin ba.

Wasu za su ce haƙuri ba ya mayar da abin da ya salwanta. Gaskiyarsu, domin har yau sunan Galarraga bai shiga wancan jerin ba. To, amma a ganina mutum tara yake bai cika goma ba. Wanda ya shekara talatin yana yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, tilas wata rana idon ya yaudare shi. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai yi bayan ya gane. Joyce yana da ikon yin shiru ya fake da muƙaminsa, ya ƙi.

Kashegari Galarraga da kansa ya miƙa masa takardar sunayen 'yan wasa, Joyce na hawaye. Daga 2014 aka faɗaɗa duba hoto don gyara irin wannan kuskure. Na'ura ta rage ɓatan ido, amma ƙarfin halin cewa "ni na yi" yana nan a wuyan mutum. Gobe wasunmu za su zama alƙalai, wasu malamai masu duba takardun jarrabawa. Ina fata mu tuna da Joyce ranar da namu idon ya yaudare mu.