Wanda Aka Rage Wa Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san masu tsayawa a bakin titi suna ɗaga hannu: "Don Allah a rage mini hanya." Wani direba ya tsaya, wani ya wuce yana tsaki. To, shin neman a ɗauke ka abin kunya ne? In an ɗauke ka kuma, wane hakki ya hau kanka?

A cikin kashin shanu na sami abin da ya sa ni wannan tunani. Da rani, idan Fulani suka gangaro da shanunsu fadamar Rima, mai karatu ya kama buzuzu ya birkice shi. Sau da yawa zai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu manne a cikinsa. Dangin kaska ne, ƙafafunsu takwas, ba su da fiffike. Ɗanyen kashi ne gidansu, rana kuwa ba ta daɗewa take busar da shi. Tafiya da ƙafa neman sabo halaka ce a gare su, don haka sai su ɗafe buzuzu ko ƙuda ya kai su. Wani Bafaranshe masanin ƙwari, Pierre Lesne, shi ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna a 1896.

Babu mai zarginsu da hawa, domin larura ce. Abin dubawa yana bayan sauka. Cikin abincinsu akwai ƙwan ƙuda da ƙananan tsutsotsinsa. Wadda ta hau buzuzu, in ta sauka ta ci ƙwan ƙudajen da za su yi takarar abinci da 'ya'yansa, ta biya kuɗin mota ke nan. Wadda kuwa ta hau ƙuda, zuriyar wanda ya kawo ta take cinyewa.

Ƙwaro ba shi da zaɓi, ba shi da hisabi. Mu muna da duka biyun. 'Yan'uwa marubuta, babu ɗayanmu da ya iso nan da ƙafarsa kaɗai. Wani ya gyara maka ƙa'idar rubutu, wani ya rubuta maka gabatarwa, wani ya nuna maka ƙofar maɗaba'a. Wannan bai mai da kai bawansa ba, kuma gaya masa gaskiya a kan littafinsa ba butulci ba ne. Butulci shi ne ka sace masa labari, ko ka shafe sunansa, ko ka toshe wa almajiransa hanya.

Saboda haka, ka nemi a rage maka hanya ba tare da jin kunya ba. Ranar da tuƙi ya zo hannunka, ka tsaya wa wanda ya ɗaga hannu. Allah Ya sa mu gane.