Wa ke biyan taya?

Keke guda muke da shi mu biyar, kuma ba namu ba ne. Na wani abokinmu ne da babansa ya sayo mishi a Filinge. Tun dokar ta-ɓaci ta 2017, da anka zo anka hana hawan babur a nan Abala, keke ya yi daraja. Mai shi sai ka ce mai mota. Wanga ya ara ya je lakwal, wancan ya je kasuwa, ni kuwa gona nike zuwa da shi kai wa tsohona abinci, cikin rairayin Dallol Boso da tsaidau.

Ran nan tayar baya ta fashe a hannun ƙaraminmu, wanda ko sau uku bai hau ba. Mai faci ya ciro robar ciki, ya nuna mana faci kan faci, sannan ya juya tayar waje, zare duk ya fito. Ya ce: "Samari, wagga ba ta liƙuwa, sai sabuwa." Nan take kowa ya dubi yaron. Ni ma na dube shi.

To, shi ya kashe tayar? Ƙaya guda ta shiga, gaskiya ne, kuma shi ke bisa. Amma ƙayar aduwa ba ta cika huda sabuwar taya haka da sauƙi ba. Ta samu wadda munka riga munka suɗe, kowa da rabonsa, yau kaɗan gobe kaɗan. Abin da ya cece mu, suɗewa ba ta da ƙara, ba ta da rana, ba wanda za a ce ga shi an gan shi. Fashewa kuwa kowa ya ji ta. Sai munka ɗora bashin wata takwas a kan minti guda.

Wani zai ce ai haka aro yake, abin da ya lalace a hannunka kai ke gyara, in ba haka ba wa zai ƙara ba da aro? Ban raina wannan magana ba. Tana sa mai aro ya kula, ya kauce wa ƙaya, kada ya goya ƙato a baya. Ga faci na yarda da ita ɗari bisa ɗari: ka huda, ka liƙe. Taya sabuwa fa? Nan mai biya yana biyan tafiyar wasu ne. Kuma ku lura, wanda taya ke fashewa a hannunsa sau da yawa shi ne wanda ba a ba keke sai manya sun gama, ma'ana mafi ƙanƙanta, mafi rashin kuɗi.

Mai keken ma ba zan wanke shi sarai ba. Ya ga zaren, ya yi shiru ya miƙa.

Yaron bai yi gardama ba, kunya ta hana shi. Ya sayar da zakaran da innarsa ta ba shi ya cika kuɗin. Ni da na fi kowa cin tayar nan, sai bayan sati biyu na kai mishi dala 100, na ce taimako ne. Ya yi ta godiya, har da "Allah shi saka, yaya." Ban iya ce mishi bashi ne nike biya ba, kuma ko rabi bai kai ba.