Ganyen Da Ya Ƙi Ruɓa

Idan mutum ya ɓata abu, sa'an nan ya mayar da kamanninsa kawai, shin ya sauke bashin da ke wuyansa? Mun saba kai irin wannan tambaya gaban malamai, amma ƙasar Jos ma tana da abin cewa a kanta.

Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka duƙufa ga haƙar kuza a wannan tsauni. Suka kwashe fatar ƙasa, wadda ta yi dubban shekaru tana haɗuwa, suka binne ta ƙarƙashin yumɓu da tsakuwa, suka bar tuddai da tafkuna daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Da dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyara, sai aka baje wasu tuddan aka dasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostireliya yake. Ya kama, ya yi tsawo, wuri ya yi kore shar. A takarda dai an biya.

To, amma ran ƙasa a ruɓa yake. Ganye zai faɗo, gara da tana su gutsuttsura shi, sa'an nan funfuna da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani su narkar da shi, su saki sinadaran da saiwa ke sha. Ƙasar da aka tono kuwa tamkar jaririya ce. Waɗannan ma'aikata ba su da yawa a cikinta, abincin da zai riƙe su ma babu. Ga shi ganyen turare mai tauri ne, cike da mai, ba ya ruɓa da wuri. Binciken da Michael Alexander na Jami'ar Durham ya buga a 1989 ya nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashin waɗannan itatuwa tsami ta ƙara yi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Wa ya raya ta, inda ta rayu? Amsar tana cikin kabeji da latas da karas ɗin da muke taya wa kuɗi a Tina Junction da sauran mararrabun garin. Manoman rani, waɗanda babu dokar da ta tilasta su, su ne suka riƙa sayen sharar gari suna ƙonawa, suna tankaɗe tokar, suna haɗa ta da kashin kaji da na shanu, suna ban ruwa daga tafkunan da haƙa ta bari. Toka ta kashe tsami, taki ya ciyar da ƙwayoyin nan.

A nan ne maganar ta yi mana wuya. Mai dasa turare da niyyar gyara ya zo, manomi kuwa riba yake nema, kamar yadda funfuna cikinta kurum take yi wa aiki. Mu a ganinmu niyya tana da ladanta, amma ba ta cike gurbin haƙƙi. Wanda aka cuta shi ke da ikon cewa an biya shi, kuma ƙasa da amfanin gona take magana.

Kada dai mu yi saurin wanke kanmu. Sharar da ake ƙonawa tamu ce, yanzu kuma cike take da leda da mataccen batir, dalmar da ke cikinsa tana iya bin toka ta shiga gona.