Jiki Ɗaya, Kati Huɗu

Mun saba da cuta mai farko da ƙarshe: mutum ya kwanta, a yi masa magani, ya tashi ko kuwa ta Allah ta kasance. Gaisuwarmu ma a kan haka aka gina ta, domin "Allah ya ba da lafiya" addu'a ce ta mai jiran warkewa. To, yaya ke nan ga dattijon da cututtuka huɗu suka yi zaman dirshan a jikinsa, babu wadda ke da niyyar tashi?

Mu ɗauki misalin mai ciwon suga da hawan jini, waɗanda sannu a hankali suka taɓa masa ƙoda, ga kuma ciwon gwiwa. Diclofenac ko ibuprofen za su rage masa raɗaɗin gwiwar, amma sukan ƙara lahanta ƙoda, su kuma hau da jini. Metformin ɗin da ya daɗe yana daidaita masa suga, tilas a rage shi ko a dakatar idan ƙodar ta yi rauni ƙwarai. Wannan likita ya hana shi gishiri, wancan ya rage masa tuwo, na uku ya ce ya kiyayi ayaba. Kowannensu gaskiya ya faɗa game da tasa cutar. Dattijon ne kaɗai ke komawa gida da gaskiya huɗu masu karo da juna.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke da haƙƙin zaɓi? Ɗansa na son a kare ƙodar ko ta halin ƙaƙa, domin ya san wankin ƙoda, wanda galibi sau uku ake yi a mako, yana iya cinye gona da gida. Shi kuwa uban burinsa gwiwa ta lanƙwasu ya kai goshinsa ƙasa. Saurin ce masa mai taurin kai muke yi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganinmu, wajibin likita ne ya bayyana masa abin da kowane zaɓi zai jawo, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan a bar masa hukunci. Sai dai ba mu da bakin cewa ɗan ba shi da ta cewa, tunda aljihunsa ne zai amsa.

Ana cikin wannan ja-in-ja, aikin haɗa maganganun likitocin huɗu yakan faɗa ne kan matar dattijon, wadda ba a shiga da ita ɗakin likita ba, ita ce kuma mai auna gishirin miya.