Mas'alar Cin Abinci a Bakin Hanya

Duk wanda ya hau keke da la'asar sakaliya ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, ya gangara wajen Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sa'an nan ya ɓulla ta Jakara ya nufi Fagge, lalle hancinsa zai riga idonsa sanin abin da ke gaba, domin kafin ƙamshin ƙosai ya sake shi na waina ya tare shi, can kuma ga hayaƙi yana tashi daga tukubar mai tsire. Mai mota, idan ransa ya biya, gilashi yake saukewa ya aiki yaro a ƙunso masa, ya je gida ya ci a ɗaka. Amma mai keke ba shi da wannan sutura, tilas ne ya sauka ya jingine kekensa a bango, ya zauna a benci ɗaya da ɗan dako da mai tura ruwa, ya jira mai bandashe ya yayyafa wa gurasa ruwa, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya kwarara mai, ya yanka albasa a kai. To, shin wannan zama yana rage wa mutum wani abu a mizanin shari'a?

Tambayar tsohuwa ce, kuma fuƙaha'u ba su raina ta ba. Sun sharɗanta wa mai ba da shaida a gaban alƙali ya zama adali mai muru'a, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda almajiran zaure suka sani. Imamu Nawawi kuwa, a cikin Minhaju, ya lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke zubar da muru'a, ko da yake nan take ya bayyana cewa hukuncin yana sauyawa gwargwadon mutane da halaye da wurare. Akwai kuma wata magana da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai aibanta ci a kasuwa, sai dai malaman hadisi ba su yarda da isnadinta ba, har Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin ƙagaggun hadisai. A ɗaya ɓangaren, Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi sukan ci suna tafe, su sha suna tsaye. Suratul Furƙani ma, a aya ta 7, ta hakaito cewa kafirai ne suka mai da cin abinci da shiga kasuwanni abin yi wa Manzo gori.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, shi ya sulhunta al'amarin a cikin Ihya'u, inda ya nuna cewa aiki guda yana iya zama tawali'u daga wani, ya zama zubar da girma daga wani, bisa ga al'adar gari da matsayin mutum. Wannan ya dace da abin da muka gada, domin Bahaushe ba ya ganin laifin saurayi idan ya tsuguna gaban mai awara, amma zai riƙe baki in ya ga liman da rawaninsa yana gatsar tsire a tsinke. Kuma ko saurayin, da zarar ya hango surukinsa, sai ka ga ya tura kwanon ƙarƙashin benci.

Sai dai a nawa ganin, kuma Allah ne mafi sani, abin da ya fi cancantar bincike a yau shi ne idanun da ke kewaye da mai cin. Da wuya mutum ya kai loma ta uku a bakin titi bai ga almajiri ya tsaya nesa kaɗan da robarsa ba, bai yi bara ba, bai kuma tafi ba, yana dai jiran abin da za a rage. Magabatanmu sun san haƙƙin ido, shi ya sa ba a sa hannu a akushi sai an ce wa na kusa bismilla, ko da an san alhamdu lillahi zai amsa. Amma a bakin mai abinci wannan tayi yana neman mutuwa, kowa ya sunkuya a kan abin da ya saya da kuɗinsa, in an ƙoshi a miƙa wa yaron sauran miya da ƙashi, a kira shi sadaka, alhali Suratul Baƙara, a aya ta 267, ta hana nufin abu mara kyau wajen ciyarwa. Mai mota da ya ɗage gilashi bai sauke wannan haƙƙi ba, ganin yaron kawai ya daina yi. Mai keke kuwa yana gani ƙuru-ƙuru, don haka hujja ta fi tsayuwa a kansa. Na kuma sha ganin dattawan da, kafin a zuba musu nasu, sukan ce wa mai abinci ya fara zuba na yaron, su haɗa kuɗin su biya.